Kayan sanyi a Winifeg: ina ake samun na mai ƙaramin ƙarfi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Baƙuwa ce ni a wannan zaure, wata 'yar'uwa ce ta saka ni. Mun sauka Winifeg, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, farkon Satumba. Maigidan yana karatu a Jami'ar Manitoba, ni da yara biyu muka biyo shi, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4. Yanzu Oktoba ta raba tsakiya, da safe in na raka Hanifa makaranta haƙorana har kaɗawa suke, amma maƙwabciyata dariya take min, wai ai sanyi bai ma fara ba. Mun shiga wani babban kanti mu duba rigunan sanyi, da na juya takardar farashin wata riga sai na mayar da ita a hankali na ja hannun yarana. Abin da muka ware wa kayan sanyi mu huɗu bai wuce dala 600 ba. Don Allah waɗanda suka daɗe su faɗa mana gaskiya, zai isa? Me za mu fara saya, me zai iya jira? Kuma a ina?

Anti Ladi:
Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa ƙanwata. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa. Zai isa in kin bi a hankali, ba zai isa ba in kin shiga kanti ɗaya kin ce sai kin gama komai a ranar. Ina wurin aiki, zan dawo in yi miki bayani. Kafin nan kada ki sayi komai.

Ɗan Jos:
Sannu da zuwa Hajiya. Ni da na taso a Jos ina ganin babu wanda zai ba ni labarin sanyi. A Jos in hunturu ya yi tsanani wajen Disamba da Janairu, digiri 10 ko ƙasa kaɗan ne, mu yi ta hura wuta muna cewa duniya ta ƙare. Nan a Janairu da dare digiri 20 ƙasa da sifili abu ne na kullum, wani lokaci ya kai 30, in iska ta taso jiki ya ji kamar 40. Kuma dusar ƙanƙara in ta kwanta a Nuwamba sai ƙarshen Maris ko cikin Afrilu take tafiya. Ba don in tsorata ki ba, don ki san kayan da za ki saya wata biyar za su yi suna aiki ba hutu.

Alhaji Direba:
'Yata, ki saurare ni. Na ga sanyin garin nan tun wasu a cikin zauren nan suna firamare. Takalmi za ki fara saya, ba riga ba. Duk sabon zuwa riga yake fara nema saboda ita ake gani a hoto. Amma jiki in an jera masa kaya uku huɗu zai yi ɗumi ko da rigar saman ba ta kirki ba ce. Ƙafa kuwa ba ta da dabara. Ki tsaya jiran bas minti 15 da takalmin kambas, za ki ji yatsunki sun daina zama naki. Riga mai tsada da takalmin banza kamar a gina katanga ne a bar ƙofar gida a buɗe.

Takalmin da nake nufi: ya wuce idon sawu, ruwa ba ya shiga, cikinsa da shimfiɗa mai kauri, in an samu wadda ake cirewa a shanya ta fi kyau. Ki juya ƙasansa ki duba, ya zama roba mai laushi da zane mai zurfi. Ƙasan takalmi mai tauri da santsi shi ke kai mutane asibiti. Sannan ki ƙara lamba ɗaya a kan wadda kike sawa. In takalmi ya matse, jini ba ya gudana, safa uku ma ba za ta hana ki jin sanyi ba. Takalman kamfanonin Kamik, Sorel, Baffin, Columbia, duk suna yi. Kamik ya fi sauƙin kuɗi, musamman na yara.

Sadiq na Kalgari:
Baba Alhaji ya faɗi gaskiya a kan takalmi. Amma ni a kan riga ba na wasa. Araha ba ta ado. Ka sayi riga ɗaya mai kyau sabuwa, ka sa ta shekara goma, ya fi ka yi ta yawon gwanjo kana kwaso abin da wani ya gaji da shi. In da hali a ɗauki ta kamfanin Canada Goose a huta. Ai har masana'antarsu akwai a Winifeg ɗin.

Alhaji Direba:
Sadiq, baiwar Allah ta ce dala 600 gare su su huɗu, kai kana kira mata rigar da ta haura dala dubu ita kaɗai. Ka karanta tambayar kuwa?

Sadiq na Kalgari:
Na karanta Baba. Ai akwai biya kaɗan-kaɗan.

Anti Ladi:
Sadiq, don Allah kada ka jefa sababbin zuwa cikin bashi tun ba su gane hanyar gida ba. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga abinci.

To Maman Hanifa, na samu sarari. Abu na farko da za ki gane, ɗumi ba daga riga ɗaya yake zuwa ba. Jikinki ne ke samar da zafi, aikin kaya shi ne su riƙe iskar da ta ɗumama kusa da fata. Shi ya sa ake jera su hawa uku. Na ciki wanda ya manne da jiki, riga mai dogon hannu da dogon wandon ciki, na foliyesta ko na ulu. Na tsakiya suwaita ko irin mai gashi-gashin nan mara nauyi da ake kira filis. Na waje kuma wadda ke tare iska da jiƙa.

Ki kiyayi auduga a hawa na ciki. Mu mun saba da auduga saboda zafi, ita ce mai daɗi a gida. Nan kuwa in kin yi sauri kin yi gumi, ko kin shiga bas mai ɗumi kin fito, audugar ta sha gumin ta riƙe, sai ki ji kamar an manna miki tsumma mai sanyi a baya. Safa ma haka. Safar ulu ƙafa biyu ta fi ta auduga dozin. Wandon jins shi kaɗai ma ba ya tare komai, sai an sa wani a ciki.

Yadda zan raba kuɗin in ni ce: na ciki da safa a saye su sababbi, ba su da tsada a Walmart, Giant Tiger ko Costco in kin samu mai katin shiga ya raka ki. Riguna na tsakiya da na waje duka a gwanjo. Takalman manya a duba gwanjo tukuna, in ba a samu mai lafiyayyen ƙasa ba a sayi sabo. Hula da abin wuya ko a Dollarama kin samu na farawa. Kuma ki sani farashin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba. A Manitoba galibi ana ɗora harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 7 a wurin biya, ki riƙa lissafawa tun kina ɗauka.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri Anti. Wato nan ma akwai gwanjo? Ni na ɗauka sai a gida.

Ɗan Jos:
Hajiya ai nan ne uwar gwanjo. Dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai a Kano da Katako a Jos, daga ina kike zaton suke fitowa? Daga irin ƙasashen nan. Bambancin kawai nan an rataye su a jere, an sa farashi, akwai ɗakin gwaji, ba mai ce miki "nawa za ki ba da".

Ummu Affan:
Wuraren su ne Value Village, Salvation Army Thrift Store, Goodwill, sai MCC Thrift. Wannan na ƙarshen na Kiristoci 'yan Mennonite ne, a nan Manitoba ma suka fara buɗe irin shagon, a garin Altona a 1972, kuma ni a wurinsu na fi samun sauƙi. Value Village ya fi girma da yawan zaɓi, kamfani ne na kasuwanci. Ki je da safe a ranar aiki, ba Asabar ba. Kuma ki je yanzu. Ranar da dusar farko ta sauka kowa zai tuna yana buƙatar riga, masu kyau su ƙare.

In kin ɗauki riga ki ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa, don gyaran zif kan kusan kai kuɗin rigar. Ki duba hammata da bakin hannu. Ki ɗaga ta wajen fitila, in ta gashin agwagwa ce za ki ga ko gashin ya dunƙule ya bar wasu wurare fayau. Ki nemi mai hula a haɗe, mai tsawo har gwiwa ko aƙalla ta rufe cinya. Ki gwada ta a kan suwaita, ba a kan rigar atamfa ba.

Hafsat K.:
Ni fa tambayata daban. Ya halatta mu riƙa sayayya a shagunan coci? Kuɗin ai aikinsu za su yi da shi. Kuma kayan da ba ka san wanda ya sa ba, a yi sallah da su?

Malam Nura:
Malama Hafsat, ciniki ne, kin ba da kuɗi an ba ki riga. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mu'amalar saye da sayarwa da waɗanda ba Musulmi ba, har ya jinginar da sulkensa wurin Bayahude ya karɓi abinci. Batun tsarki kuwa, a wanke kafin a sa, shi ke nan. Ai ko a Kano wanda ya sayi gwanjo wankewa yake.

Abin da ya fi cancantar a duba shi ne fata. Safar hannu ta fata, musamman irin ta ma'aikata, da shimfiɗar cikin wasu takalma, ana yin su da fatar alade. Ana rubutawa a jikin takardar wani lokaci. In ba a rubuta ba, ku duba fatar da kyau, ta alade tana da 'yan ɗigo-ɗigo uku-uku a tare. Wanda ya ga haka ya ajiye ya ɗauki ta roba, ta ma fi araha.

Hafsat K.:
Ikon Allah. Bari in tashi in duba ta maigidana.

Mahamadu na Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ina unguwar Saint-Boniface, can gefen masu Faransanci. Abin da zan ƙara ma Hajiya, kayan yara kada ki sai masu sabo ko ɗaya in ban da safa da na ciki. Yaro bana ya sa, baɗi ta yi mai kaɗan. Akwai shirin Koats for Kids na ƙungiyar agaji ta United Way, suna tattara rigunan sanyi da takalma na yara suna rabawa kyauta. Ki tambaya a ofishin makarantar ɗiyarki, su za su nuna miki hanyar da ake bi. Ba roƙo ba ne, don haka aka yi shi, 'yan ƙasa ma suna karɓa.

Kuma ki sani nan yara suna fita wasa waje a makaranta ko da sanyi, sai ya yi tsanani sosai ake tsare su ciki. Da wuya a rufe makaranta a cikin gari don sanyi. Saboda haka ɗiyarki na buƙatar wandon ƙanƙara, wannan mai kauri da ake sawa bisa wando, mai igiya a kafaɗa. In babu shi za ta zauna cikin dusa ta jiƙe, malamarta ta aiko miki da takarda.

Maman Hanifa:
Wasa a waje cikin wannan sanyin? Innalillahi. Ni da nake shirin in ce su bar min ita a aji.

Ummu Affan:
Ba za su bari ba, ita ma ba za ta yarda ba. Ki ba ta sati biyu, ke za ki riƙa jan ta daga cikin dusar.

Safar hannun yara ki sayi irin wadda yatsu huɗu ke ɗaki ɗaya, babban yatsa shi kaɗai. Ta fi mai yatsu biyar ɗumi nesa ba kusa ba, saboda yatsun suna ɗumama juna. Ke ma ita za ki saya wa kanki. Ta yara a sayi biyu-biyu, kuma ki rubuta suna a jikin komai, don ɓacewa suke kamar ana sace su. Ɗan shekara 4 ɗin ki nema masa abin wuya mai zagaye wanda ake zurawa ta kai, ba dogon mayafi ba, mayafi yana iya maƙalewa a wurin wasa.

Bilkisu a Manchesta:
Ina bin ku daga Ingila. Mu nan ba ma kaiwa wannan lissafin naku, da wuya ya sauka can ƙasa da sifili, amma ruwa ne kullum da iska mai shiga ƙashi. Na ga Ummu Affan ta ambaci rigar gashin agwagwa. Nan in ta jiƙe ta tashi aiki, gashin ya manne ya daina riƙe ɗumi. Mu rigar da aka cika da zaren roba ta fi mana. Ban san ku ba.

Anti Ladi:
Bilkisu, sanyinmu busasshe ne. A tsakiyar Janairu dusar kamar gari take, ki kakkaɓe ta zube, ba ta jiƙa kaya. Shi ya sa gashin agwagwa ke aiki a nan, ga ɗumi ga rashin nauyi. Sai wajen ƙarshen Maris in ta fara narkewa ne ake shan caɓi, lokacin kuma takalmi ne ke shan wuya. Amma mai zaren robar ma tana yi, ta ɗan fi nauyi ne kawai, kuma ta fi sauƙin wanki. Ga yara ma ita na fi so.

Sadiq na Kalgari:
Duk na ji. Amma ku faɗa mata ɗaya gefen. Gwanjo akwai kuɗin cizo. Ka kwaso riga dala 30, ka shigo da bala'in da za ka kashe ɗaruruwa kafin ka rabu da shi. Kuma rigar da ta shekara bakwai a jikin wani ba ta da ɗumin sabuwa, ko ku yarda ko kada ku yarda.

Ummu Affan:
Na farkon gaskiya ne, kuma maganinsa sauƙi gare shi. Daga shago a ƙulle cikin leda, kada a ajiye a kan gado ko kujera. A zuba a injin busar da kaya a kan zafi mafi ƙarfi minti 30, a bushe ba a jiƙe ba, zafi yana kashe su har ƙwansu. Sannan a wanke. Kayan ulu da ba sa son zafi a bar su a ƙulle a firiza kwana huɗu. 

Na biyun kuwa ban yarda ba. Mutanen nan suna ba da riga don sun ƙara ƙiba, ko launin ya gundure su, ko mai ita ya koma gari mai ɗumi. Wasu har da takardar kanti a jiki.

Alhaji Direba:
Sadiq, ka faɗi abin da ke ranka kawai. Kunya ce. Kada a gan ka a shagon gwanjo, kada a ɗauki hoto a tura gida a ga babu tambari a kafaɗa. Na ga samari da yawa, riga ta dala dubu da wani abu, ƙafa cikin takalmin ƙwallo, kai ba hula don kada aski ya ɓoye. Suna rawar ɗari a tashar bas suna danna waya. Hukumar yanayi ta Kanada ta faɗa, in sanyi da iska suka kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. In ya kai 40, minti 5 zuwa 10. Kunne da hanci ba su san tambari ba. Ka je mahaɗar titunan Portage da Main a tsakiyar gari a Janairu ka tsaya ba hula, ka dawo ka ba mu labari.

Sadiq na Kalgari:
Baba ni fa ina sa hula. Kuma ba kunya ba ce, lissafi ne. Dala dubu a raba shekara goma, ɗari ne a shekara.

Alhaji Direba:
Dala 40 a raba shekara uku nawa ne?

Ɗan Jos:
Baba ya gama da kai Sadiq, ka zauna.

Anti Ladi:
Ku bar shi, yana da gaskiya ta wani gefen. Mai aiki a waje, kamar masu gini ko masu kai kaya gida-gida, ya kamata ya kashe kuɗi a kan kaya masu ƙarfi, irin na kantin Mark's, don sana'arsa ce. Kuma wanda ke son sabuwa ba sai ta dala dubu ba. Winners da Marshalls suna sayar da kayan manyan kamfanoni da ragi. Sannan akwai lokutan rangwame: Black Friday a ƙarshen Nuwamba, Boxing Day ranar 26 ga Disamba, sai uwa uba Fabrairu zuwa Maris lokacin da kantuna ke son kwashe kayan sanyi su zuba na bazara. Dabarar ita ce a shiga sanyin farko da gwanjo, in Maris ta zo a sayi ta baɗi da rabin kuɗi. Na yara a ƙara lamba ɗaya ko biyu. Amma takalmi ba zai jira Boxing Day ba, kafin nan an yi wata guda ana taka ƙanƙara.

Wani abu kuma, lambar da ake rubutawa a jikin takalmi, wai yana jure 30 ko 40 ƙasa da sifili, kada ki ɗauke ta kamar aya. Kowane kamfani da yadda yake aunawa, kuma suna ɗauka mai takalmin tafiya yake, ba tsaye ba. Mai jiran bas ya rage wani abu daga lambar.

Maman Hanifa:
Anti to mu masu abaya da dogon hijabi fa? Ni ban saba fita da wando ba, kuma maigidan ma ba zai so ba.

Hafsat K.:
Ba sai kin bar abayarki ba. Wandon ciki, sai wando mai kauri, sai abaya a sama, sai riga doguwa. Abin da za ki yi kawai ki rage tsawon wadda za ki riƙa fita da ita, ta tsaya a saman takalmi. In tana jan ƙasa za ta kwashi dusa da gishirin da ake zubawa a hanya, ta jiƙe, ta bushe da farin zane, kuma tana iya harɗe ki a kan santsi ko a matakalar bas. Ki ware guda biyu na sanyi ki kai a rage, masu tsadar ki ajiye su sai bazara. Hijabi kuma ki sa na yadi mai ɗan kauri, ki ɗora hular ulu a sama ko ki sa ta a ciki, sannan hular riga. Mu ai mun fi kowa sa'a, kunne da wuya a rufe suke tun asali. Allurar hijabi ta ƙarfe dai ki kiyaye kada ta taɓa fata.

Malam Nura:
Tunda an zo nan, maza masu zuwa Juma'a babban masallacin Waverley da shadda da takalmi silifa, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin ƙafafunku. A sa kayan ciki, a ɗora kaftani, a ɗora riga. Kuma ku nemi huffi. A mazhabar Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, ya rufe idon sawu, a sa shi bayan cikakkiyar alwala, sai a riƙa shafa a kansa. Wasu malaman sun sauƙaƙa har a kan safa mai kauri, suka sa wa mazauni kwana ɗaya da yini, matafiyi uku. Kowa ya bi abin da ya karanta. Ga wanda ke makaranta ko wurin aiki rahama ce babba, don a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, Azahar da La'asar da Magariba duk a waje za su same ka.

Abba Sabon Ɗalibi:
Salam. Ni ina Kano har yanzu, Janairu zan shigo in sha Allah. In sayo komai daga Wambai ko in bari sai na zo?

Ɗan Jos:
Janairu? To kai ba ka da zaɓi, dole ka sauka da wani abu a jikinka, don daga ƙofar filin jirgi zuwa mota ma aiki ne. Ka je Wambai ka nemi riga mafi kauri, sau da yawa suna da araha don ba mai sayensu a Kano. Ka haɗa da suwaita biyu, hula, safar hannu. Ka riƙe rigar a hannu ka shiga jirgi da ita, kada ta cinye maka kilo 23 ɗinka, wurin nan na yaji ne da kuka da daddawa. Amma kada ka sayi takalmi a can. Yawancin abin da ke zuwa kasuwarmu na sanyin Turai ne, kuma ba za ka iya bambancewa ba sai ka taka ƙanƙara. Ka sa wanda zai tarbe ka ya kai ka kanti washegari.

Mahamadu na Damagaram:
Ka zo da man kaɗanya mai yawa. Iskar cikin gida busasshiya ce saboda na'urar ɗumama ɗaki, leɓe da dunduniya suna tsagewa fiye da lokacin hunturu. Nan ɗan ƙaramin kwalba kuɗi ne.

Abba Sabon Ɗalibi:
Na gode. An ce min jami'ar akwai hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, gaskiya ne?

Ɗan Jos:
Akwai, suna haɗa gine-gine da yawa a harabar Fort Garry ta Jami'ar Manitoba. Cikin gari ma akwai gadoji rufaffu tsakanin wasu gine-gine. Amma babu wadda za ta kai ka ƙofar gidanku.

Ummu Affan:
Na manta, akwai shafukan saye da sayarwa na intanet, Facebook Marketplace da Kijiji. Kayan yara a nan ake samun su jaka guda da kuɗi kaɗan, uwa ta haɗa riga da wando da takalmi ta sayar gaba ɗaya. Sharaɗi dai kada a tura kuɗi kafin a ga kaya, a haɗu a wurin jama'a da rana, kuma Maman Hanifa ki tafi da maigidan ko wata. Wanda kuma ya ga rigar dala dubu ana sayarwa dala 150 sabuwa fil, jabu ce. Ana cika su da abin da ba a sani ba, tambarin ne kawai na gaske a ido.

Sadiq na Kalgari:
To kun ga abin da nake faɗa. A sayi ta asali a kanti a huta.

Alhaji Direba:
Ko a bar tambarin gaba ɗaya a huta.

Maman Hanifa:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya bar zumunci. Na rubuta komai a takarda. Maigidan ya ce shi a bar shi da jaket ɗin da ya zo da ita daga Abuja, a yi wa yara da ni tukuna, wai shi namiji ne.

Anti Ladi:
Ki ce masa Anti Ladi ta ce a'a. Shi ne ma zai fi kowa tsayuwa a tashar bas da duhun safiya. Lambar takalminsa nawa?

Maman Hanifa:
43 yake sawa a gida.

Alhaji Direba:
Wajen 10 ke nan a lissafin nan, da safa mai kauri 11. Ina da ɗaya a gareji da ɗana ya bari, ƙasansa lafiya lau, igiya kawai za a sake. Ya same ni a masallaci ranar Juma'a bayan an sallame, wajen ajiye takalma. Ya zo da safar da zai riƙa sawa, a gwada a wurin.

Ummu Affan:
Ni kuma akwai wandon ƙanƙara na Affan da ya yi masa kaɗan, zai yi wa ɗan shekara 4. Shuɗi ne, gwiwa ɗaya an yi mata faci. Talata da safe ba ni da aiki, in kin kai Hanifa makaranta ki min magana ta akwatin sirri in zo in ɗauke ki mu zaga shaguna biyu. Akwai kujerar yaro a motar. Ki auno tsawon ƙafar Hanifa a kan takarda ki yanko, sai mu zura a cikin takalmi mu gani, tunda ba da ita za mu je ba.

Hafsat K.:
Malam Nura, na duba. Ɗigo uku-uku ne. Ummu Affan in akwai wuri a motar ku biyo ta kaina, yanzu ni ma ina da sayayya.